Dan Allah ya ake zana karen katun mai sauƙi? Nawa kullum mage yake fitowa

SabuwarShiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu zane ku taimaka min. Yarona ɗan shekara 6 ne ya matsa min sai na koya mishi zana kare irin na katun, ni kuma ban taɓa zane ba sai yanzu, na yi kusan sati ina gwadawa da daddare in sun yi barci amma kullum abin da na zana da mage yake kama ko ɓera, kan yakan yi daidai amma da na sa kunne da baki shikenan ya tashi daga kare. Ƙafafun ma ban san ya zan yi da su ba. Fensir ne kawai da ni da farar takarda, ta ina ake farawa?

MaiFensir:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ina kyautata zaton ta ido ko kunne kike farawa kuma kina danna fensirin da ƙarfi, yawancin sabon hannu haka suke yi. Ki fara da da'ira babba, ki saki hannunki sosai yadda layin zai fito dishi-dishi dan daga baya goge shi za ki yi. Sai ki ja layi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance ki raba da'irar gida huɗu, su ne za su nuna miki inda komai zai zauna.

To ga inda matsalarki take, baki. Mage fuskarta a shafe take, bakinta gajere hancinta ɗan mitsitsi, shi kuwa kare bakinsa turowa gaba yake yi. Dan haka a ƙasan layin nan na kwance ki zana siffar ƙwai a kwance, ki bari ta ɗan leƙo waje da da'irar ta ƙasa, kar ki ji tsoron yin ta babba. A samanta ki sa hanci ƙato mai kusurwa uku amma gefunan a lanƙwashe, tsinin yana kallon ƙasa, ki cike shi baƙi ki bar ɗan ɗigon fari a gefe ɗaya, wallahi wannan ɗan farin kaɗai sai ki ga hancin kamar mai danshi. Daga ƙasan hancin ki sauko da gajeren layi sai ki raba shi biyu, ɗaya ya lanƙwasa dama ɗaya hagu kamar ƙugiya, in kina so harshe ya leƙo sai ki yi harafin U a ƙasa da ɗan layi a tsakiyarsa.

Kunne kuma kar ki ɗora a tsakiyar ka. Ƙanana masu tsini a sama na mage ne, zagayayyu na ɓera ne. Akwai karnuka masu miƙaƙƙen kunne fa amma ga mai koyo gara masu faɗowa, ki fara daga gefen kai ki sauko da su kamar dogon ganye har kusa da kumatu.

Ki duba jikin fensirinki za ki ga an rubuta HB ko 2B, H ɗin mai tauri ne ba ya baƙi sosai, B mai laushi ne ya fi baƙi. HB ya isa zanen farko, in kin gamsu ki bi da biro ko maka, ki jira tawadar ta bushe tukun kafin ki sa kilina in ba haka ba duk sai ta dame takardar.

Maman_Yara:
Sannu da ƙoƙari 'yar uwa, abin ya burge ni. Ni shawarata ta ɓangaren yaron ce, ɗan shekara 6 kar ki haɗa mishi da jiki tukuna, fuska kawai ku yi ta yi har hannunsa ya faɗa. Ki ba shi takarda A4 guda ya cika ta, yara in suka yi zane ƙarami sun fi takura. Ki zana a taki takardar shi ma ya yi a tashi, kar ki dinga karɓar fensirin kina gyara mishi, suna jin haushin wannan sosai.

Ido kuma ɗigo biyu baƙaƙe sun wadatar, ki duba Snoopy, wani karen katun da ya fara fitowa a jarida tun 1950, idonsa ɗan ɗigo ne kawai amma duniya ta san shi. Ki sa su a kan layin kwance ko ƙasa kaɗan, in suka yi ƙasa kuma kai ya yi girma sai ya fito kamar ɗan kwikwiyo. Gira ce ke ba shi yanayi, in ta ɗaga ta ciki sai ya yi kalar tausayi, in ta sauko ta ciki ya zama mai faɗa.

SabuwarShiga:
Kai na gode sosai Allah ya saka da alheri, yanzun nan na gwada maganar bakin kuma gaskiya ya fito kare!! Saura ƙafafu, musamman na baya, in na lanƙwasa su sai su zama kamar sun karye.

DanZane:
Anti na baya kowa suna ba shi wahala, dalili kuwa kare a kan yatsunsa yake tafiya, wannan gaɓar da kike gani ta lanƙwasa baya ba gwiwa ba ce dunduniyarsa ce da ba ta taɓa ƙasa in yana tsaye, gwiwar gaske tana can sama kusa da ciki tana kallon gaba. In kika gane wannan kin huta.

Amma yanzu ki zana shi a zaune kawai ya fi sauƙi. Jiki siffar ƙwai a tsaye a ƙasan kan, kar ya fi kan girma, wuya ma ba dole ba ne ki sa mishi abin wuya ya rufe wajen. Ƙafafun gaba dogayen U guda biyu a jere, na baya kuma rabin da'ira ɗaya a kowane gefe, shi ne cinya, da ɗan ƙwai a kwance a ƙasansa. Kowane dagi ki ja mishi gajerun layi biyu, na gaske yatsu 4 ne ke taka ƙasa amma a katun 3 ma sun isa ba wanda zai ƙirga. Jela ki ɗaga ta sama ta leƙo ta gefe, ki sa ƙananan layi biyu a kusa da ita sai a ga kamar yana kaɗa ta.

In kin gama ki ɗaga takardar ki kalle ta ta baya a hasken fitila, nan take za ki ga in ido ɗaya ya fi ɗaya ko kan ya karkace, ki gyara tun yana fensir. Ki ɗora mana hoto in kun yi mu gani.