Neman shawara: zan sa wa Land Cruiser fankar lantarki mai tashi da kanta

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Land Cruiser ce mai injin 1HZ, dizal, lita 4.2. A kan kwalta allurar zafi ba ta motsi, amma da zarar an shiga yashi da lodi, ana tafiya da ƙaramar giya, sai ta fara hawa. Haka ma in mota na tsaye an kunna AC. Ina so in cire fankar injin gaba ɗaya in sa ta lantarki mai inci 16, wadda za ta riƙa tashi da kanta in ruwa ya yi zafi. Me zan saya, kuma yaya ake haɗa wayoyin?

Makaniken manyan motoci: Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah kada ka cire fankar injin. A cikin yashi injin na juyawa da ƙarfi, mota kuwa tana rarrafe, babu iskar da ke shigowa ta gaba. A wannan halin fankar da fambel ke ja tana zuƙo iskar da ta lantarki mai inci 16 ba za ta kamo ƙafarta ba. Inda ta lantarki ke da amfani shi ne lokacin da injin ke silo, kamar tsayuwa da AC. Saboda haka ƙari za ka yi, ka ɗaura ta a gaban kwandansa, wato ragar AC da ke gaban lagireto, tana tura iska ciki.

Kafin ka kashe ko kwabo, duba kulocin fankar da kake da ita, wannan faifan alminiyam mai man silikon a ciki. Bari injin ya yi zafi sosai, ka kashe shi, ka juya fankar da hannu. In ta yi tauri ta tsaya nan take, tana da rai. In ta wulwula kamar ta silin, man ya tsiyaye. Sau da yawa za ka ga baƙin maiƙo haɗe da ƙura a fuskarta, wajen ɗan zagayayyen sifirin na tsakiya. Ana buɗe ta a sake zuba man silikon, ko a canja ta. Sannan ka haska tocila tsakanin kwandansa da lagireto. Ciyawa, ƙaiƙayi da busasshen taɓo kan toshe wurin ba a sani ba. Murfin lagireto ma in ya saki, ruwa zai tafasa da wuri. Karanta lambar da ke kansa, yawanci 0.9 ne, ka sayi irinsa.

Mai wayarin mota: Na goyi bayan Oga. In an gama wancan, ga ɓangaren wuta. Da farko tabbatar motarka volt 12 ce ko 24, don akwai masu 1HZ da suka zo da 24, kuma fanka da rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa ya ba fanka babbar wuta, dole su dace da ita. A volt 12, fanka mai inci 16 tana cin amp 15 zuwa 25 gwargwadon ƙarfinta, lokacin tashi kuma tana fizgar ninki biyu ko fiye na ɗan lokaci. Don haka ka nemi rile mai amp 40, fis mai amp 30 ko 40 bisa abin da aka rubuta a jikin fankar, da waya mai kaurin 4mm², ko 6mm² in tafiyar ta yi nisa.

Ƙafafun rile da za ka yi aiki da su huɗu ne, kowace da lambarta a ƙasa. Lamba 30 daga kan batir, ta bi ta fis, kuma fis ɗin ya zauna kusa da batir, kamar taƙi ɗaya. Lamba 87 zuwa wayar wutar fanka. Lamba 86 daga wutar da ke zuwa sai an murɗa makulli. Lamba 85 ita ce ke zuwa wajen sansan zafi, shi kuma ya sauke ta a jikin mota in ruwa ya kai zafin da aka saita. Baƙar wayar fanka a ɗaure ta da noti a ƙarfen da aka kankare fentinsa, ko a kai ta kan batir kai tsaye. Kada a kuskura a bi da wutar fanka ta cikin sansan ba rile, ƙonewa zai yi cikin kwanaki. Kuma in ka ɗauko 86 daga batir maimakon makulli, fanka za ta ci gaba da aiki bayan ka kashe mota, alhali ruwan ba ya zagayawa. Lagireto kawai take sanyayawa tana shan batir.

Mai tambaya: Na gode Malam. To shi sansan ina zai zauna, kuma mai digiri nawa? An ce mini a soka shi cikin haƙarƙarin lagireto kawai.

Mai wayarin mota: Wancan mai sokawa yana aiki, amma girgizar hanya na kwance shi, kuma iska na ruɗa shi. Wanda ya taɓa ruwa ya fi. Ana sayar da guntun bututun alminiyam mai rami a sama. Ka auna faɗin cikin tiyon sama na lagireto, ka yanke shi a wuri miƙaƙƙe, ka sa bututun da kilif biyu. In sansan mai ƙafa ɗaya ne, sai an jawo wa bututun waya zuwa jikin mota, tunda roba ce ta riƙe shi hagu da dama. Nan mutane da yawa ke faɗuwa, su ce sansan ne ba kyau.

Batun digiri, dubi lambar da aka buga a jikin tamostat ɗinka, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi. Fanka ta tashi sama da wannan lambar da digiri 10 zuwa 15. Mai tashi a 92 ya mutu a 87 yana da sauƙin samu. In ka sa wanda ke mutuwa ƙasa da zafin da injin ke zama kullum, fanka ba za ta taɓa hutawa ba.

Makaniken manyan motoci: Kuma in wani ya riga ya cire tamostat ɗin, kamar yadda aka saba a garejojinmu, a mayar da shi. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai, yana tara hayaƙi. Bayan yanka tiyo, cika ruwa a hankali, bar injin ya yi aiki murfi a buɗe har kumfa ta ƙare. Iska in ta maƙale a wajen sansan, zafin ƙarya zai karanta. A yi amfani da kulan, wato ruwan lagireto na musamman da ake sayarwa, ruwan rijiya ƙanzo yake barwa a cikin bututai.

Direban daji: Abu biyu daga mai bin gargada. Waɗannan robobin da ake zurawa ta cikin lagireto a ɗaure fanka, ka jefar da su. Nauyin fanka da girgiza za su goge bututu har ya huje, kuma ba a gari zai huje ba. Kai wa mai walda ya lanƙwasa maka ƙarafa biyu a ɗaure su a firam, a sa roba a tsakani, fankar ta matso kwandansa sosai ba tare da ta taɓa shi ba.

Na biyu, sa makunni mai matsayi uku a gaban direba: ƙafar tsakiya zuwa 85, gefe ɗaya zuwa sansan, ɗaya gefen zuwa jikin mota. Sama ta tashi da kanta, ƙasa ka kunna da hannu kafin ka hau tudun yashi, tsakiya a kashe. Kashewar don ƙetare rafi ne da damina, domin fiffiken roba in ya bugi ruwa yana lanƙwashewa ko ya karye. Haɗa masa ɗan ƙwan fitila ja da zai tuna maka ka mayar bayan ka haye.

Mai wayarin mota: Gaskiya ne. Saura alƙiblar iska. Yawancin fankokin nan a saite suke su ja, ba su tura ba. Juya wayoyi kaɗai bai isa ba, sai an kwance fiffiken an kifa shi, in irin wadda ake juyawa ce, in ba haka ba ƙara za ta yi yawa iska ta yi kaɗan. Gwajin ba wuya: kashe injin, bar makulli a buɗe, kunna fanka da hannu, ka kara takarda a gaban mota. In ta manne, daidai ne. Sannan tada injin, kunna fitilu da AC da fanka tare, ka auna kan batir. A mota mai volt 12, in ya sauka ƙasa da volt 13, altaneta ba ta ɗaukar lodin, sai a duba ta kafin tafiya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Gobe zan fara da kulocin fankar, in auna tiyon, sannan in dawo muku da abin da na gani.