Neman kalmar Hausa: ƙwayoyin da ake sha bayan tiyatar rage ƙiba

Mai shirin lafiya a rediyo: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Asabar zan gabatar da shiri game da waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, domin wasu masu sauraronmu sun je Masar da Indiya an yi musu aikin, sun dawo da takardun sallama da ba su fahimta ba. Sunan aikin bai ba ni wahala ba. Inda na maƙale shi ne ƙwayoyin bitamin da sinadaran da likita ke cewa a riƙa sha har ƙarshen rayuwa, waɗanda ake kira saflimen a Turanci, ga shi kuma ranar Alhamis zan miƙa rubutun. Me zan kira su?

Tsohon mai fassara: Wa alaikumus salam. A zamaninmu "ƙarin abinci" muke rubutawa, idan kuma akwai fili a takarda mu ce "ƙarin sinadaran gina jiki".

Malamar jinya: Baba, ka yi mini afuwa, amma "ƙarin abinci" zai iya cutar da waɗannan mutane. Wanda aka yanke wa kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbinsa 'yan lomomi ne ke cika shi, idan ya ji an ce ƙarin abinci sai ya ɗauka tuwo ake so ya ƙara. "Magani" ma ba na so, domin a wurin mutanenmu magani abu ne da ake ajiyewa da zarar an sami sauƙi. A nan kuwa hanyar abincin ce aka sauya, kuma ba za ta koma yadda take ba. Sinadarin ƙarfe, wanda mata suka sani da maganin ƙarin jini a wurin awo, a farkon ƙaramin hanji jiki ke tsotse shi, kuma a irin aikin da ake karkatar da hanji, abinci yana tsallake wannan wuri ne gaba ɗaya. Bitamin B12 kuma ba ya shiga jiki sai da taimakon wani sinadari da bangon tumbi ke fitarwa. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau, sannan tafin ƙafa ya fara mutuwa, jini ya ragu, mantuwa ta shigo. Bitamin B1 ya fi gaggawa, domin ajiyarsa ba ta wuce 'yan makonni, kuma wanda ke yawan amai bayan aikin yana iya ruɗewa, ya riƙa tangaɗi, idanunsa su rikice. Ina roƙon a samo kalmar da za ta hana mutum dainawa.

Malamin Hausa: Kafin a je ga wannan, ina da ƙorafi a kan tambayar kanta. A cikin 'yan layuka an rubuta tiyata, an rubuta bitamin, an rubuta saflimen, sannan a ce Hausa ake nema. Muna da fiɗa, kuma likitan fiɗa ba baƙon suna ba ne a kunnen kowa. Game da bitamin, wanda ya ƙirƙiri kalmar a 1912, Casimir Funk, daga kalmar Latin mai nufin rai ya ɗauko ta. Me zai hana mu bi sawunsa da namu kayan aikin? Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "rayau", daga raya, a kan tsarin jimrau da gagarau da mantau. Sai a ce rayau B12, ƙwayoyin kuma a kira su ƙwayoyin rayau.

Ɗan'uwa daga Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar ya yi kyau. Sai dai a nan wajenmu ko tsohuwar ƙauye ta san bitamin, domin da Faransanci ma haka sunan yake. Idan mai sauraro ya shiga kantin magani ya ce a ba shi rayau, hannu biyu zai fito.

Malamin Hausa: Da irin wannan hujja aka kashe mana kalmomi masu yawa. Tanzaniya ta kafa majalisar kula da Suwahili tun 1967, suna ƙirƙira suna koyarwa har kalma ta zauna a bakin jama'a. Mu kuwa da an kawo kalma ta gida sai a ce ba a san ta ba, alhali ba a ba ta ko kwana ɗaya a rediyo ba. Abin da ke damuna shi ne wasu na ganin ilimi ba ya cika sai an ji ƙamshin Turanci a bakinsu.

Tsohon mai fassara: Malam, wannan magana ta yi nauyi, kuma ba na jin akwai wanda ya zo nan don nuna boko. Likita da asibiti daga Turanci muka aro su, allura daga Larabci, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Hausarsa ta ragu don ya faɗe su ba. Ko dai aron Larabci ne kaɗai ya halatta?

Malamin Hausa: Waɗancan sun shekara aru-aru ko gomiya a bakinmu har sun zama 'yan gida. Saflimen jiya ta sauka, kuma tun tana bakin ƙofa ya kamata a tare ta.

Wata 'yar'uwa da aka yi wa aikin: Iyayena, ku ba ni dama, domin ni abin ya faru a kaina. Bayan shekara guda da aikin na sami sauƙi sosai, sai 'yan gida suka riƙa cewa tunda na warke, shan magani kullum zai lalata mini ƙoda. Na ji kunyar a riƙa kallona a matsayin marar lafiya, na daina. Daga baya gashina ya yi ta zuba, jiri ya hana ni tsayuwar salla, yatsuna suka riƙa yi kamar ana tsira mini allura, har sai da aka gwada jinina aka koma yi mini allurar B12. Da na dawo gida, abin da na faɗa wa mahaifiyata shi ne, abincina ba ya cika mudu yanzu, waɗannan ƙwayoyin su ne ciko. Tun ranar ba ta sake cewa in daina ba, ita ce ma ke tuna mini in raba na ƙarin jini da na ƙashi da awa 2 kamar yadda aka umarce ni, domin ɗaya yana hana ɗaya shiga jiki.

Malamar jinya: Sannu, Yaya, Allah ya ƙara lafiya. Ciko ya kama ma'anar, domin ƙari ana iya barinsa, ciko kuwa bashi ne, sai an biya lissafi ke cika.

Malamin Hausa: Allah ya ƙara sauƙi, 'yata. Kalmar Hausa ce tsantsa, ba zan musa ba. Amma a tuna muna cewa ɗan cikon benci ga wanda ba shi da muhimmanci, don haka kada a bar ta ita kaɗai. A ce "cikon abinci na dindindin". Rayau kuwa ban janye ta ba, zan ci gaba da koyar da ita a aji.

Mai shirin lafiya a rediyo: Na gode ƙwarai, malamaina. Zan rubuta "ƙwayoyin cikon abinci", in bayyana tun farko cewa na dindindin ne kuma ana bin su da gwajin jini. Bitamin zai zauna yadda yake saboda kantin magani, amma zan ce "aikin fiɗa" tare da tiyata don girmama gyaran Malam. Saura kalmar da ke nufin gazawar hanji wajen tsotse amfanin abinci, wadda har yanzu jimla guda nake yi mata. Wanda ke da gajeriya ya taimaka mini kafin daren Laraba.