Babbar mota a cikin Yamai: ta yaya kuka rage mata shan mai?

Mai LS na Yantala:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wata takwas ke nan da na sayi Lexus LS 430 ƙirar 2004, okaziyo ce da ta fito daga Amurka, kuma game da laushin tafiyarta da lafiyar injinta ba ni da abin faɗa sai godiya ga Allah. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne shan mai a cikin gari. Ina zaune a Yantala, ina aiki a Harobanda, saboda haka kullum sai na ƙetare gadar Kennedy safe da yamma, ga kai yara makaranta, ga cefane a Katako ranar Asabar. Makon jiya na cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, na yi tafiyar kilomita 310, da na koma na sake cikawa sai ta ɗauki lita 65, wato kimanin lita 21 a kowane kilomita 100. Ko da yake an sauko da litar esansi daga sefa 540 zuwa 499 tun watan Yulin 2024, jika 32, wato sefa dubu 32, a cikin kwana goma ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ma'aikaci mai iyali. Na san injin mai silinda takwas ne, lita 4.3, ban saye ta da tunanin za ta sha mai kamar ƙaramar mota ba, amma zuciyata tana gaya mini akwai abin da ba daidai ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan manyan motoci ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Da farko ka tabbata cewa kilomita ka ƙirga, domin motocin Amurka da mil suke lissafi, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Na taɓa ganin wani maƙwabcina ya kusa sayar da motarsa a kan wannan kuskure kaɗai. Idan lissafinka daidai ne, to lalle akwai matsala, saboda takardar da aka sayar da wannan mota da ita a Amurka ta nuna mil 18 ga galan a cikin gari, wanda ya kama kimanin lita 13 a kilomita 100. Ba za ka ga 13 a Yamai ba, da zafinmu da cunkosonmu, amma tsakanin 13 da 21 akwai tazara mai yawa.

Na yi shekara 27 ina tuƙi, kuma abin da na fi gani yana kashe wa masu manyan motoci kuɗi shi ne cire tarmosta, wato ƴar na'urar da ke tsare ruwan inji kada ya tafi radiyater sai injin ya ɗumama. Mota tana sauka, mai gyara zai ce da kai wannan abu na ƙasashen sanyi ne, a nan sai dai ya sa inji ya yi zafi, ya cire ya jefar, wani ma ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga lokacin da ka murza makulli. Kai kuma kana ganin allurar zafi tana kwance a ƙasa sai ka ji daɗi. To ka sani, an ƙera injin ne ya yi aiki ruwansa yana wajen digiri 80 zuwa 90, kuma muddin kwamfutar motar tana ganin bai kai nan ba, za ta ci gaba da zuba masa mai fiye da ƙima kamar yadda take yi da sassafe. Da lokacin hunturu abin ya fi muni, domin za ka iya tashi daga Yantala har ka isa bakin aikinka injin bai ɗumama ba. Gobe da safe ka lura: idan ka yi minti goma kana tafiya allura ba ta hau kusa da tsakiya ta tsaya cak ba, ka nemi wanda zai buɗe ya duba.

Mai LS na Yantala:
Na gode Baba. Na riga na juya mil zuwa kilomita kafin na kawo lissafin. Amma maganar allura ta taɓa ni, domin tun ranar da na karɓi motar ba ta taɓa wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, ni kuma na ɗauka alamar lafiya ce.

Maigaraji na Bukoki:
Alhaji, abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, kuma a garejina shi nake fara dubawa. Sai dai zan ƙara da abin da ke biye da shi, wato sond lamda, na'urar nan da ke liƙe a bututun hayaƙi tana shinshinar abin da ke fita, tana gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Motarka tana da guda huɗu, biyu kafin katalizer, wato gwangwanin da ke tace hayaƙi, biyu bayansa, kuma na gaban su ne ke da hannu a ma'aunin mai. Idan suka tsufa ba lalle su mutu gaba ɗaya ba, sai su yi nauyin amsawa, motar tana tafiya lafiya lau amma tana sha. Motar da ta haura shekara ashirin, idan ba a taɓa canza su ba, ba laifin kowa ba ne, tsufa ne kawai.

Akwai abin da nake so kowa ya lura da shi. Idan ka murza makulli kafin ka tayar da inji, dole ne fitilar nan mai hoton inji ta kama a tablo, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ba ko kaɗan, to wani ya kashe ta kafin a sayar maka, kuma na sha buɗe tablo na tarar an liƙe ƙwan da baƙin salatif. Haka kuma na sha tarar da katalizer wayam, an fasa an kwashe cikinsa saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, aka mayar da gwangwanin aka yi walda. Kada ka bari a canza maka komai da ka, a fara jona balis ɗin bincike a karanta abin da kwamfutar ke cewa, har da zafin ruwan da take gani da yawan man da take ƙarawa.

Maganar ƙura kuwa, mutane sun fi damuwa da matatar iska, suna busa ta da kwampireso har ta yage. Matatar da ta toshe tana rage wa irin waɗannan motoci ƙarfi ne fiye da yadda take ƙara musu sha, amma wadda ta yage tana barin ƙurar hunturu ta hau ƴar siririyar wayar da ke auna iskar da ke shiga inji, kuma daga nan lissafin mai yake rikicewa. Wannan waya ba a taɓa ta da hannu ko tsumma, akwai ruwan feshi da aka yi domin ta. Sannan idan za a yi maka bidanji kada ka yarda da man inji mai kauri na 20W-50 don an ce zafi ake yi, littafin motarka 5W-30 ya ce.

Hajiya ta Plateau:
Ni tawa Mercedes S500 ce ƙirar 2003, kuma na bi duk hanyar da Malam Maigaraji ya faɗa, har da canza buji, waɗanda a injin nan guda 16 ne, biyu a kowane silinda. An sami sauƙi, amma ba kamar yadda na zata ba. Inda na gano bakin zaren shi ne wata ranar bazara da na fito daga gidan suna a Koira Kano kafin lokacin da na faɗa wa direbana, na tarar da motar a kunne, gilasai a rufe, kilim yana aiki, shi kuma yana ciki yana jirana. Da na tambaye shi sai ya ce kullum haka yake yi don na tarar da motar da sanyi. Ban ga laifinsa ba, domin ban taɓa hana shi ba, kuma zaman rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba abu ne da za ka so wa ɗan wani ba.

Na so na san gaskiyar abin, sai muka cika tanki a gidan man da ke kusa da gida, muka bar ta a kunne da kilim awa biyu a inuwa, muka koma muka cika, ta ɗauki kusan lita huɗu ba ta je ko'ina ba. Da muka zauna muka ƙirga zaman jira na banki da asibiti da makarantar yara da gidajen biki, sai ga shi a mako yana kai awa bakwai ko takwas. Abin da muka shirya da shi yanzu shi ne ya nemi inuwa ya kashe mota, ya sa abin tare rana a gilashin gaba, ni kuma in kira shi a waya minti biyar kafin na fito. Idan mun tashi sai ya buɗe tagogi na ɗan lokaci iskar zafin ta fita kafin ya rufe. Ban daina amfani da kilim ba ko na rana ɗaya, amma cikon tanki ɗaya ya ƙara mini kwana uku.

Ɗan Tawa:
Mu a Tawa ba cunkoso ne damuwarmu ba, yashi ne. Na kan rage wa tayoyi iska don na ratsa layin gidanmu, sai na manta na hau kwalta da su haka har mako guda, mota tana jan ƙafa. Yanzu na sayi ma'aunin iska nawa na kaina, ina aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, da lambar da ke rubuce a jikin ƙofar direba, domin ma'aunin masu faci bai cika zama daidai ba. Man kwalba kuma na rabu da shi tun kafin Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, bayan da ya toshe mini matatar mai sau biyu a shekara ɗaya.

Ƙaramin Alhaji:
Yayyena, ni nakan mayar da giya a N idan na hango danja ko zan gangara daga gada, don in bar motar ta tafi da kanta. Shin wannan yana taimakawa? Kuma na taɓa sayen wani ƙwayar magani da ake jefawa a tanki, na yi wata guda ina aunawa, ban ga bambancin ko lita ɗaya ba.

Maigaraji na Bukoki:
Ƙanena, ka bar wannan ɗabi'a. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur motar tana cikin giya tana gudu, kwamfuta tana yanke mai gaba ɗaya har sai gudun ya ragu, amma idan ka sa ta a N dole ta ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu, ga shi ka rage wa kanka ikon sarrafa mota mai nauyin kusan tan biyu a tsakiyar ƴan kabu-kabu. Abin da ya fi shi ne ka ɗaga ƙafa tun daga nesa. Duk lokacin da ka taka birki da ƙarfi, man da ka ƙona don tayar da wannan nauyi ne ka zubar. Masu LS kuma su duba maɓallin nan na kusa da giya, kada ya zauna a kan PWR, domin yana sa motar ta daɗe a ƙaramar giya.

Malamin Lazaret:
Ina girmama duk abin da aka faɗa, amma ina so Alhaji mai LS ya ji wani ɓangaren. Na riƙe irin motarsa shekara huɗu, na gyara duk abin da ake gyarawa, kuma mafi ƙarancin abin da na taɓa samu a cikin Yamai shi ne lita 15. A hanyar Dosso kuwa na sha ganin lita 10, saboda a nan ne take samun hanyar da aka ƙera ta dominta. Lokacin ƙarancin mai na watan Maris ɗin 2025, da muka kwana muna layi, na yanke shawarar sayen ƙaramar mota don zirga-zirgar yau da kullum, babbar kuma na bar ta don tafiyar iyali da ranar Juma'a. Wanda ba zai iya riƙe mota biyu ba, to aƙalla ya haɗa aike-aikensa a fita ɗaya, domin tafiyar kilomita biyu da injin sanyi ita ce mafi tsada a duk tafiye-tafiye. Masu tunanin komawa ta gazuwal kuma su tuna cewa a ƙasarmu litarsa ta fi ta esansi tsada.

Mai LS na Yantala:
Ƴan'uwa, na dawo bayan mako shida don na sauke nauyin da ke kaina. Da aka buɗe gidan tarmosta, babu komai a ciki sai robar da ta bushe, kamar yadda Baba ya yi hasashe. Na sa an kawo sabuwa, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske a maimakon ruwan famfon da na tarar a radiyater, kuma tun ranar allura take tsayawa a ƙasa da tsakiya kaɗan ba ta motsi, ko a cunkoson ƙarfe shida. Balis ya nuna sond ɗaya na gaba ya gaji, na canza biyun tare. Akwai kuma abin da babu wanda ya ambata: da aka ɗaga motar, tayar baya ta dama ba ta juyawa da hannu sai da ƙyar, birkinta ya riƙe, kuma ni da kaina na taɓa jin wannan gefen ya fi sauran zafi ban kawo komai a raina ba.

Na bi shawarar Hajiya na daina barin ta a kunne a ƙofar makarantar yara. Na kuma fara fita ƙarfe bakwai saura kwata, ranar da na makara sai na bi ta gada ta uku, wadda ko da ta ƙara mini nisa ba na tsayawa a kanta. Ciko uku na auna a famfo ɗaya, na ƙarshen ya ba ni lita 53 a kilomita 330, wato lita 16. A tafiyar kilomita 900 da nake yi a wata, ragin da na samu ya kai lita 45, kimanin jika 22, kuma kuɗin gyaran gaba ɗaya zai dawo kafin wata biyar. Malam Maigaraji, har yanzu ban taɓa wayar auna iskar da ke shiga inji ba saboda ban sami ruwan feshin da ka ce ba, idan ka san layin da ake sayar da shi a Katako ko a Wadata ka kwatanta mini, in je ranar Asabar in Allah ya kai mu.