Macijin ciki a kwikwiyo: me ke sa ya dawo bayan magani?

Sanusi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwikwiyo ɗan mako shida, ciki ya kumbura, jiki ba ƙiba. An ba shi maganin tsutsa ya kasayar da farare dogaye, bayan mako biyu sai ga su kuma a amai. Maganin ne ba shi da kyau?

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam Malam Sanusi. Ba laifin magani ba ne. Wannan tsutsa, Toxocara canis, yawancin kwikwiyo tun a mahaifa suke ɗaukar ta, wasu ta nono. Ƙananan tsutsotsin sukan ratsa hanta da huhu, kwikwiyon ya yi tari ya haɗiye su, sannan su girma a hanji. Magani irin pyrantel na cikin hanji kawai yake kashewa, waɗanda ke kan hanya ba ya taɓa su. Shi ya sa ake maimaitawa: a mako 2, 4, 6 da 8 da haihuwa, sannan duk wata har ya cika wata 6, daga nan duk wata 3. Pyrantel miligiram 5 ne a kowane kilo, fenbendazole kuma miligiram 50 a kowane kilo, kwana 3 a jere. A ɗora shi a sikeli tukuna, don kintace shi ke sa a ba da ƙasa da ƙima. Uwar ma a ba ta tare da 'ya'yan.

Malam Garba: Ƙari a kan bayanin Dakta, a kula da ƙasa. Macen tsutsa ɗaya tana iya zubar da ƙwai 200,000 a rana. Ƙwan ba ya harbi ranar da ya fita, sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa, amma in ya nuna yana iya shekaru da ransa, kuma yawancin magungunan wanke daɓe ba sa kashe shi. Don haka a kwashe kashin kullum. Abin da ya fi damuna yara ne masu wasa da ƙasa: in suka haɗiyi ƙwan, tsutsar kan shiga hanta ko ido, har ta lalata gani. Su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Bilkisu: Don Allah kada a ɗebi ivermectin na shanu a yi wa kwikwiyo da ka. Ya yi masa ƙarfi, kuma karnuka irin su Collie yana taɓa musu ƙwaƙwalwa. In kwikwiyo ya daina cin abinci ko amai ya ƙi tsayawa, a kai shi wurin likitan dabbobi ranar, don tsutsa mai yawa tana toshe hanji.