An kori ƙanwata daga aiki, mu je kotu?

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawara. Ƙanwata malama ce a wata makarantar kuɗi a Gusau. Mai makarantar ya daɗe yana nemanta da lalata, ta ƙi. Sai ya kore ta da baki, ba takarda, ya riƙe albashinta na wata 3. Saƙonninsa na WhatsApp suna nan a wayarta, amma ba a taɓa ba ta takardar ɗaukar aiki ba.

Baba ya ce a bar wa Allah, kada sunanta ya ɓaci, ga bikinta ya matso. Ni kuwa abin yana ci mini rai. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta saurare mu ba takardar nan? In muka faɗi, mu za mu biya kuɗin lauyansa?