Ciyawa ta cinye min lambun bayan ɗaki: feshi ko fartanya?

Maman Hanifa, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da ɗan lambu a bayan ɗaki, bai fi taku goma sha biyu ba. Akwai zogale huɗu, kuɓewa, yakuwa, tattasai, da gwanda biyu da suka fara 'ya'ya. Na je jinyar mahaifiyata Gusau sati uku, ko da na dawo ciyawa ta kai min gwiwa, yawanci aya-aya da kiri-kiri. Ruwan Agustan nan kuma ba ya ɗagawa. Maigida ya ce a kira mai feshi a huta, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don ina da yara biyu ƙanana da kaji bakwai da ke kiwo a wurin. Wanda ya taɓa feshi kusa da kayan miya, yaya aka ƙare?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa a dafe wurin da siminti. Tun da na yi wa tsakar gidana haka ban sake ganin ciyawa ba.

Maman Hanifa:
Malam, lambun nake so ya tsira. A siminti zan tsinki kuɓewar?

Ummu Aiman:
Ki yi feshinki kawai. Lita ɗaya naira 4,500 na saya, har yanzu da saura.

Ɗan Bichi:
4,500 a ina? Shekaranjiya 6,500 aka ce min. Sai dai in jabu aka ba ki.

Malam Ɗanjuma, Kaduna:
'Yar uwa, don Allah ki saurare ni. Bara war haka na kira mai feshi. Ina da mangwaro 'yan aure guda uku, rani biyu ina sayen ruwa wajen 'yan garuwa ina ba su, jarka huɗu kullum, har sun kai min ƙirji. Yaron ya zo da la'asar ana iska, ya auna magani biyu da gwangwanin tumatir ya gauraya, ko tambayata bai yi ba. Ni ina masallaci. Kwana huɗu na ga sabon tohon ya murɗe, ya yi ɗorawa. Na ɗauka ruwa ne ya yi yawa, har rami na haƙa musu don ya tsane. Kafin sati biyu, guda biyu sun bushe ƙayau, zogalen uwargida ma ya bi su. Da na same shi sai ya ce wai ai ban ce kar ya fesa can ba. Naira 6,000 na biya shi ya kashe min wahalar shekara biyu. Na ukun yana nan, amma har yau bai dawo hayyacinsa ba.

Injiniya Sani:
Allah ya mayar da alheri Malam. Ni a Samaru na karanta aikin gona, bari in ɗan yi bayani. Yawancin abin da ake fesawa a gidaje glyphosate ne. Bai san ciyawa ba, bai san kuɓewa ba, duk koren ganyen da ya taɓa zai bi har saiwa, shi ya sa sai bayan kwanaki ake ganin ɓarnar. In ruwa ya sauko jim kaɗan bayan feshi kuma, kuɗin ya tafi a banza. Ɗayan da ke ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu paraquat ne, guba ce mai tsanani, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta sanar da haramta shi. Kar ki bari ya shigo gidan da ke da yara. Aya-aya kuwa 'ya'yanta na cikin ƙasa, in aka sare sama kawai sati ɗaya ta dawo. Ki bari washegarin ruwa ƙasa ta yi laushi, a tone ta da 'ya'yan, a kwashe a fitar. Sannan ki rufe ƙasar da ɓuntun shinkafa, ki sare kan zogalen daidai ƙirji don ya yi rassa.

Baba Manomi:
Yaro, shekara arba'in ina riƙe da fartanya. Ka rufe ƙasa a bayan ɗaki da damina, ka yi wa gara da kunama shimfiɗa. Wannan karatun na gonar makaranta ne.

Injiniya Sani:
Baba da girmanka, ban ce a jibga shi jikin bango ba. Kaurin yatsa biyu ya isa.

Baba Manomi:
Lambu nawa ka taɓa nomewa da hannunka?

Ummu Aiman:
Ku bar wannan, ni maciji nake jiye mata. Maƙwabciyata kububuwa ta gani a ƙarƙashin tsohuwar taya. Kuma ki kife duk gwangwani da fasasshen bokiti, nan sauro ke ƙyanƙyasa.

Malam Ɗanjuma:
Ni da na ga maciji goma da in sake ganin mai feshi a ƙofar gidana. Ko sannu bai ce min ba fa.

Maman Hanifa:
To yaron da zai nome, nawa ake ba su yanzu?

Ɗan Bichi:
1,500 da abinci.

Ummu Aiman:
A Abuja wallahi ko 5,000 ba za su kalle ki ba.

Hadiza, Maradi:
Nan wajenmu jikka guda, wato sefa dubu, ta isa. Amma ki tsaya a kansa, nawa ya tuge min yakuwa da tafasa duka, wai ciyawa ce.

Bazazzagi:
Bakanuwa ce ke tambayar nawa za ta biya? Na ɗauka za ki ce nawa ake sayen damin ciyawa, ki buɗe shago a Kantin Kwari.

Maman Hanifa:
Kai dai bawanmu, zo ka nome min in ba ka ɗumame.

Abu Sadik:
Wasa yake amma akwai gaskiya ciki. Masu kiwon tumaki kyauta za su yanke miki da lauje su kwashe.

Hadiza:
Kar ki soma! Ranar da suka san akwai kore a gidanki, awakinsu sun sami wurin kwana. Akuyar maƙwabcina sau uku tana haurowa ta inda katanga ta zube, ta cinye min ɗan gwaiba har ɓawonsa. Na kai ƙara wajen mai unguwa, aka ce in yi haƙuri, dabba ce.

Baba Manomi:
A ƙauye da an yi shuka kowa ke ɗaure dabbarsa, wadda ta yi ɓarna a kama ta sai an biya. A birni ne aka mayar da abin ba komai ba.

Maman Hanifa:
Jama'a, har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan kajin.

Ɗan Bichi:
Hajiya Hadiza, taki akuya ɗaya ce. Ni garke ne na wani mai kuɗi a layinmu, a sake su tun asuba. Na yi shingen kara sun ture, na sa ƙaya sun tsallake, yanzu waya nake tara kuɗin saye. Ko akwai wanda ya san nawa ake sayar da nadi ɗaya?