Fumfuna mai korar fumfuna: da gaske tana rage gubar aflatoksin a masara da gyaɗa?

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana. Ana ta maganar cewa masu bincike sun samo wata fumfuna da ake watsawa a gona don ta hana gubar aflatoksin shiga masara da gyaɗa. Abin ya ɗaure mini kai, tunda fumfuna ce ke kawo gubar, ta yaya kuma za a ƙara wata a gona a ce magani ne? Ina son sanin yadda take aiki, nawa ake zubawa, da yaushe. Sannan idan hatsi ya riga ya kamu, akwai wata bakteriya ko dabara da za ta cire gubar?

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka tana kan hanya. Fumfunar da ke yin gubar sunanta *Aspergillus flavus*, da 'yar'uwarta *Aspergillus parasiticus* wadda ta fi damun gyaɗa. A cikin ƙasa suke zaune, a jikin ruɓaɓɓen kara da ganye, kuma ba wata gona da za a ce babu su. Sai dai ba duka jinsunan *flavus* ne ke yin guba ba. Wasu an halicce su da naƙasa a ƙwayoyin gadon da ke sarrafa gubar, wasu ma ƙwayoyin gadon sun ɓace gaba ɗaya. Su ake zaɓowa a yawaita, a sa su riga masu gubar kama wuri. Kafin mai guba ta iso jikin zangarniya, mara guba ta cinye abincin ta zauna.

Peter Cotty na ma'aikatar noma ta Amurka shi ya kafa wannan hanya a gonakin auduga na jihar Arizona, da jinsin da ake kira AF36, wanda aka yi wa rajista a 2003. Daga baya cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta haɗa kai da ma'aikatar aka yi Aflasafe, wanda ke ɗauke da jinsuna huɗu marasa guba da aka tsamo daga ƙasar da za a yi amfani da shi. Shi ya sa na wata ƙasa yakan bambanta da na wata.

Idan ka buɗe buhun Aflasafe, ƙwayar dawa za ka gani mai launin shuɗi. An gasa ta don kada ta tsiro, aka lulluɓe ta da ƙurar irin fumfunar. Dawar ita ce guzurinta, shuɗin kuma don kada wani ya ɗauka abinci ne.

Kilo 10 ake watsawa a hekta ɗaya, wato giram ɗaya a kowane murabba'in mita, kusan kilo 4 a eka. Da hannu ake yi kamar watsa taki, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fid da fure ta yi gemu. A nan ne yawancin mutane ke kuskure. Idan aka jira har gemu ya fito, mai guba ta riga ta bi ta gemun ta shiga. Sannan dole ƙasa ta kasance da laima, domin sai dawar ta jiƙa fumfunar ke tashi. Bayan 'yan kwanaki, idan ka duƙa ka ɗauki ƙwaya ɗaya, za ka ga ta yi gashi-gashi kore mai ratsin rawaya, idan ka taɓa ƙura ta manne maka a yatsa. Alamar ta kama ke nan. A gama noma da huɗa da zuba taki kafin a watsa, domin idan ƙasa ta binne ƙwayoyin, iska ba za ta kai ƙurar jikin shuka ba. Kada a fesa maganin fumfuna a lokacin, kuma a kula da kaji da tsuntsaye, su dai dawa suke gani.

Gwaje-gwajen gonaki a ƙasashe da dama sun nuna raguwar guba da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma kariyar tana bin hatsin har cikin rumbu.

Malama Mai Ɗakin Gwaji:

Malamin Gona ya yi bayani mai kyau, amma kada a ɗauki "kashi 80" a je a yi barci. Idan gona za ta ba da gubar maikurogiram 200 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kilon hatsi, ka rage kashi 80, saura 40. Amurka ba ta yarda a wuce 20 a abincin mutane ba, Tarayyar Turai kuwa 4 ta sa wa gyaɗar da za a ci kai tsaye. To ka ga har yanzu an faɗi.

Busarwa ita ce rabin aikin. Masara sai laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa, ɓararriyar gyaɗa kuma kashi 7 zuwa 8. Kuma saurin busarwar ya fi komai. Ɗanyen hatsi da aka tara tsibi ɗaya ya kwana biyu ko uku a zafin digiri 28 zuwa 30, wannan shi ne abin da fumfunar ta fi so. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa tsirara ba, a baza shi ba kauri, a riƙa juyawa, a rufe kafin raɓa. In babu na'urar awon laima, a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar shi kamar minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, laima ta haura kashi 15, a mayar da shi rana. Wannan awon na masara ne, bai isa ga gyaɗa ba.

Buhun da ba ya shan iska, irin PICS na jami'ar Purdue ta Amurka, yana kashe ƙwari yana kuma tsayar da fumfuna saboda ƙarancin iskar shaƙa. Amma busasshen hatsi ake sa masa. Wanda ya ɗure jiƙaƙƙe a ciki zai buɗe ya tarar da tsami. Buhuna su hau katako, kada su jingina da bango.

Sai tsincewa. Gubar ba ta bazuwa daidai a buhu, tana taruwa ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan: fasassu, motsattsu, masu sauyin launi, da waɗanda tsutsa ta huda. Ƙwaya ɗaya tak za ta iya ɓata awon kilo da yawa. Saboda haka ne ma gwaji ke yaudara. Mutum ya ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhu, tsinken gwaji ya nuna lafiya, alhali dafin yana ƙasa. A ɗebo kaɗan-kaɗan daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa kilo biyar ko fiye, a niƙa duka, a gauraya, sannan a ɗauki na gwaji. Masu haska wa hatsi fitilar UV (mai hasken ultraviolet) su ga ƙyalli kore-rawaya kuwa, su sani ba gubar suke gani ba, wani sinadari ne daban da fumfunar ke fitarwa. Alama ce kawai.

Mai Tambaya:

Na gode Malam, na gode Malama. To wanda ya riga ya kamu fa? Dafawa ko soyawa ba za su kashe ta ba?

Dakta Mai Nazarin Ƙwayoyi:

Wuta tana kashe fumfunar, gubar kuwa tana nan. Sai zafi ya haura digiri 250 take rushewa sosai, tafasa kuma a 100 take tsayawa. Gasawa tana rage wani abu, amma ba abin dogaro ba ne.

Maganar bakteriya, akwai bincike iri biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko masu riƙe gubar ne, kamar *Lactobacillus rhamnosus* GG da wasu jinsunan yis (irin abin da ke sa burodi ya tashi). Gubar tana mannewa a bangon jikinsu, har matattunsu ma suna riƙewa. Matsalar, riƙon ba na dindindin ba ne, suna iya sakin gubar. Na biyu masu farfasa gubar ne da sinadaran da suke fitarwa, irin *Bacillus subtilis* da *Rhodococcus erythropolis*. A cikin kwalbar gwaji sakamakon yana da daɗin karantawa. A cikin tan ɗaya na busasshiyar masara, inda gubar ke can cikin ƙwaya, labari ya sha bamban, kuma sai an tabbatar abin da ta rikiɗe ta koma ba shi da illa. A ganina duk wanda ya ce yana da ruwan bakteriya da zai wanke buhu ya koma abincin mutane, a nemi ya kawo takardar gwaji. Inda aka ci gaba shi ne abincin dabbobi: Tarayyar Turai ta amince da yumɓun bentonayit a 2013 don ya riƙe gubar a cikin hanji.

Kuma kada a zuba wa dabbobi ɓataccen hatsin da aka tsince haka kawai. Ta dabbobi aka fara gano gubar, a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci dusar gyaɗa daga Brazil. Saniyar da ta ci tana fitar da wani nau'inta, M1, a cikin madara. Ga mutane, cin mai yawa lokaci guda yana kisa, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004 inda mutum 125 suka rasu. Cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuma yana kawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

Abin da ake sa wa ido yanzu shi ne shukar da ke kare kanta. A 2017 masu bincike a jami'ar Arizona sun fitar da masarar da aka gyara ta yadda take toshe ƙwayar gadon da fumfunar ke yin guba da ita. Fumfunar ta hau ƙwayar masarar, amma awo bai ga guba ba.

Malamin Gona:

Ƙari kaɗan, Malam. Fari a ƙarshen damina shi ne babban abokin gubar, musamman ga gyaɗa a makonni uku zuwa huɗu na ƙarshe, lokacin da ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage. Mai ban-ruwa ya ba ta ruwa a wannan lokacin, wanda ba shi da shi ya shuka iri mai saurin nuna, ya cire da zarar ta ƙosa, a kuma kiyaye kada fartanya ta sare kwanso. Sannan fumfuna mara gubar ba ta rage fumonisin, gubar da wata fumfuna mai suna *Fusarium* ke yi a masara. In za a kai samfur ɗakin gwaji, a ce su auna biyun.